A Haɗa Mana Littafin Ruwan Sama Da Rijistar Asibiti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ma'aikacin lafiya ne a wata ƙaramar hukuma da ke kwarin Haɗeja a jihar Jigawa. Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin shan magani na ƙauye kafin a dawo da ni sakatariya a ɗora mini aikin tattara alƙaluma. Wato ni ne mutumin nan da ake jibge wa takardu duk ƙarshen wata. Ni ba likita ba ne, ba kuma masanin yanayi ba. Duk abin da zan faɗa, ko dai a kan teburina na gan shi, ko a gindin darbejiyar da ke ƙofar asibitin da na baro.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Kowane ƙaramin asibiti yana da rijistoci: ta marasa lafiya, ta awon ciki, ta allurar rigakafi, ta haihuwa. Idan wata ya ƙare, shugaban asibitin ya zauna ya ƙirga, ya cika fom ɗin taƙaitawa, ya naɗe a leda, ya ɗaure a bayan babur ya kawo mini. Da damina wani fom ɗin sai na shanya shi a kan benci kafin ya karantu. Ni kuma in shigar da lambobin cikin wata manhaja da ake kira DHIS2, in akwai wuta, in akwai sabis, in akwai data a wayata. Daga nan su wuce Dutse, su wuce Abuja, har su shiga rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ake cewa Najeriya kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. A cikin wannan lissafi akwai yaran ƙauyenmu, da yatsuna na buga su. Sai dai lambobin nan tashi kawai suke yi kamar hayaƙi. Da wuya su sauko su gaya wa wanda ya ƙirga su abin da zai amfane shi a watan gobe.

Lokacin da nake ƙauye akwai wani malamin gona, Allah ya jiƙansa, da ya kafa gwangwanin awon ruwan sama a bayan makarantar firamare. Duk safiyar da aka kwana da ruwa sai ka gan shi da 'yar kwalbarsa mai zane-zane yana aunawa, ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango. Mukan tsokane shi mu ce, Malam, ruwan da ya riga ya zuba me za ka yi da lissafinsa? Da ya yi ritaya ba a turo wani ba. Gwangwanin ya zama abin wasan yara, littafin kuma Allah kaɗai ya san inda ya shiga. Ganin Malam ne ya sa ni ma na ɗauki wata al'ada: duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai in sa fensir a gefen rijista in rubuta "ruwa". Ba da wata manufa ba, hannu ne kawai ya saba. A damina ta uku, ina buɗa shafukan baya ina neman sunan wata mata, sai na lura da wani abu. Kwanakin da na rubuta "ruwa" a jere, shafin rabinsa fari ne. Shafukan da suka cika maƙil har na ƙara layi a ƙasa, sai wajen mako shida ko bakwai bayan nan suke zuwa.

Kowace tsohuwa a garin ta san zazzaɓi yana tsananta daga malka zuwa sanda gero ya nuna, wasu ma har su ɗora laifin a kan tumu da ɗanyar gyaɗa. Dalilin dai ba ɓoyayye ba ne. Ruwa ya kwanta a kududdufi da sawun shanu da ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Sauro ya saka ƙwai, in da ɗumi cikin kwana goma zuwa mako biyu ya zama mai tashi. Macen ta ciji mai ɗauke da cutar, ƙwayar cutar kuma ta ɗauki wasu kwana goma zuwa mako biyu tana nuna a cikinta kafin ta iya sa wa wani. Wanda aka sa wa, sai bayan mako guda ko biyu jikinsa zai yi zafi. Ƙara da kwanakin da uwa za ta yi tana gwada na kemis da na gargajiya kafin ta goyo shi zuwa wurinmu. Ka haɗa, za ka ga inda mako shidan ya fito. Abin da tsohuwa ba ta iya faɗa maka shi ne ko bana zai zo da wuri ko zai makara, da kuma wace mazaɓa zai fara bugawa. Ruwan sama kuwa yana iya faɗa, in an rubuta shi. Sararin mako shida ne Allah ya ba mu duk shekara, muna kallon sa yana wucewa.

Ba zan manta da wata safiyar Satumba ba. Kafin in buɗe ƙofa mata sun cika gindin darbejiya, tabarmi sun ƙare, wasu a kan takalmansu suka zauna. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na buɗe kwalin gwajin zazzaɓi na ƙarshe, na ƙirga saura bakwai. Ina cikin tunanin wa zan gwada wa zan bari, sai ga wani magidanci ya shigo a guje da yaro ɗan shekara uku a kafaɗa, yana jijjiga, idanu sun kakkafe. "Malam, taimaka mini, tun asuba yake haka." Na yi masa abin da zan iya, na rubuta takardar turawa babban asibiti, muka ɗora su a babur. Hanyar kuwa ruwa ya cinye rabinta. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi, yanzu ma yana sakandare. Amma ranar sauran yaran da hannu na tantance su, in taɓa goshi in duba ido, kamar ba a taɓa ƙirƙiro gwaji ba.

Me ya jawo? Ba sata aka yi ba, ba kuma wanda ya ƙi aikinsa. Kayan da ake ba asibiti ana lissafa su ne bisa abin da ya sha a watannin da suka gabata. Watannin da suka gabaci Satumba kuwa su ne watannin da shafin rijista yake rabin fari. Ana auna maka tuwon biki da ma'aunin tuwon daren Talata. Kafin fom ɗin Satumba ya iso teburi irin nawa, a shigar, a gani a sama, a turo ƙari, an shiga Nuwamba, iska ta juya, sauro ya ragu. Ihu bayan hari.

Shekara biyu da suka wuce 'yata ta biyu, wadda ta karanta ilimin kwamfuta, ta dawo daga bautar ƙasa tana zaman jiran aiki. Wata rana da daddare na ba ta wannan labari na fensir. Ta ce, "Baba, ai ruwan da aka yi a garin nan tun kafin a haife ni yana nan a rubuce." Na ce a ina, tunda littafin Malam ya ɓata? Ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini wani rumbun bayanai da ake kira CHIRPS, wanda masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara a Amurka suke haɗawa daga hotunan tauraron ɗan'adam da awon tashoshin ƙasa. Yana da ƙiyasin ruwan sama tun daga 1981, an yanka ƙasa gida-gida, kowane gida faɗinsa wajen kilomita biyar, kuma kowa na iya saukewa ba ko sisi. Ta sa wata manhajar taswira mai suna QGIS ta yanko iyakar ƙaramar hukumarmu. Ni kuma na ba ta jimillar masu zazzaɓi na kowane wata na shekara shida, lambobi zalla, ba sunan kowa. Ta zuba su a wata manhajar lissafi mai suna R. Kafin shayina ya huce sai ga layi biyu a allo, shuɗi na ruwa, ja na zazzaɓi. Shuɗin ya hau ya sauka, jan ya biyo shi a baya kamar ɗan rakiya. Shekarar da damina ta makara, jan ya makara. Shekarar da ruwa ya zarce har cikin Oktoba, jan bai sauka ba sai da aka fara jin sanyi. Na daɗe ina kallo ban ce komai ba. Ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya lau, Malam nake tunawa.

Duk manhajojin nan biyu, QGIS da R, da ita kanta DHIS2 da nake aiki da ita kullum, irin waɗanda ake kira buɗaɗɗu ne. Ma'ana, rubutun da aka gina su da shi a fili yake, kowa na iya ɗauka, ya duba cikinsa, ya gyara daidai da buƙatarsa, ba lasisin da za a biya duk shekara. DHIS a Afirka ta Kudu aka fara ta a shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, da haɗin gwiwar Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe. Sabon zubinta, DHIS2, an fara aiki da shi a jihar Kerala ta Indiya a 2006, yau kuma sama da ƙasashe 70 ke tattara bayanan lafiya da shi, har da mu da maƙwabciyarmu Nijar. Haka ma SORMAS, wadda jami'an sa ido kan cututtuka ke kai rahoton annoba da ita, an ƙirƙiro ta ne bayan Ebola ta shigo Legas a 2014, da hannun masana na Najeriya da na Jamus, ita ma buɗaɗɗiya ce.

Na san darajar wannan ne saboda na ga kishiyarsa. An taɓa kawo mana wani shiri da kwamfutocin hannu sababbi fil, da wata manhaja mai kyan gani ta wani kamfani. Muka yi horo na kwana biyar, muka ci shinkafa da kaza, muka yi shekara biyu muna shigar da bayanai. Ranar da kuɗin shirin ya ƙare, manhajar ta daina buɗewa. Aikin shekara biyu ya tafi da mai makulli. Kwamfutocin suna nan a kabad, batir ya kumbura. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa kamar rijiyar wakafi ce, ba mai kulle ta ya tafi. Sai dai kada a ruɗe mu da kalmar kyauta. Rijiyar wakafi ma tana son guga da igiya da mai yashe ta. Na'urar da ke riƙe bayanan tana son wuta da masu kula, ni kuma har yau da kuɗin aljihuna nake sayen data mafi yawan watanni.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na samu labarin cewa abin da 'yata ta yi a tsakar gida, masu kula da DHIS2 sun riga sun gina shi a cikin manhajar. Akwai wani sashe na yanayi da ake iya ɗorawa, wanda ke janyo ruwan sama da zafi da laimar iska daga rumbuna irin su CHIRPS da ERA5-Land na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ya lissafa wa kowace gunduma nata, ya ajiye su kusa da lambobin cututtuka. Gidauniyar Wellcome ta Ingila ce ta tallafa wa aikin, kuma ƙasashe irin su Habasha da Malawi da Mozambik da Yuganda suna cikin masu gwadawa, har da ƙoƙarin yin hasashen yawan masu zazzaɓi makonni kafin su zo. Ba sabuwar manhaja za a sayo mana ba, ba sabon fom za a ƙara wa ma'aikacin da ya riga ya gaji ba. Shafin da nake buɗewa kullum ne za a ƙara wa layi ɗaya shuɗi. Roƙona shi ne idan za a yi, kada a tsaya a ɗakin taro na Abuja. A buɗe shi har matakin ƙaramar hukuma da mazaɓa, inda mai gani zai iya ɗaga waya ya ce wa shugaban asibiti, shirya, nan da wata guda za su cika maka ƙofa.

Zazzaɓi na fi sani, amma sanƙarau ya fi ba ni tsoro, kuma shi ma ɗan yanayi ne. Muna tsakiyar yankin da ake kira ɗamarar sanƙarau, ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha. Cutar tana tashi idan iska ta bushe ƙarau, ƙurar hunturu ta kankare hanci da maƙogwaro, zafin bazara ya biyo baya, mutane kuma suna kwana a cunkushe. Da laima ta dawo, aka yi ruwan farko, sai ta kwanta kamar an yi mata tsawa. Wanda ya yi wayo a 1996 ba ya buƙatar a ba shi labari: sama da mutum dubu ɗari suka kamu a Najeriya, sama da dubu goma sha ɗaya suka rasu. Allurar rigakafi ta MenAfriVac, da aka fara a 2010 ta iso mana a 2011, ta karya lagon nau'in A na ƙwayar cutar, sai nau'in C ya ɗaga kai. A 2017 ya kama sama da mutum dubu goma sha huɗu, akasari a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ya kashe sama da dubu. A ranin 2022 zuwa 2023 kuma a gabanmu aka yi: ya tashi a jihar Damagaram ta Nijar, a ɓangarenmu kuma Jigawa ce ta ɗauki kaso mafi yawa na duk ƙasar. Wanda ya san yadda kasuwar Maigatari take cika ranar Alhamis ba zai yi mamaki ba. Ƙura ba ta nuna fasfo a kan iyaka, mu ma da ke aure da fatauci tsakanin juna ba mu cika nunawa ba.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce idan aka samu mutum 3 cikin dubu ɗari a mako guda a gunduma, a farga, idan ya kai 10 annoba ce. Ƙa'ida ce mai kyau, amma marasa lafiya take ƙirgawa, wato sai an kwanta take magana. Cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, ACMAD, da ke Yamai tana fitar da taswirar gargaɗin sanƙarau bisa ƙura da bushewar iska, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ma tana sa gargaɗin zazzaɓi da sanƙarau a hasashenta na shekara da take fitarwa tun kafin damina. Ilimin yana nan, an yi aikin. Abin da ya rage shi ne ya shigo shafi ɗaya da lambobin da jami'in sa ido ke dubawa duk mako, don ya san a wace mazaɓa zai fi buɗe ido, ya tabbatar akwai allurar ɗiban ruwan ƙashin baya da maganin ceftriaxone kafin mutum na farko ya zo da sandararren wuya. A Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar. Allurar ba ta isa kowa a lokaci guda. Ina za a fara kai ta? Tambaya ce da taswirar ƙura da rijistar shekarun baya za su iya amsawa tare.

Ambaliya da amai da gudawa ba sai na daɗe a kansu ba, mu mutanen fadama kullum a ciki muke. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum dubu ɗari a ƙasar nan, ambaliyar 2022 ta ci sama da rai 600, sannan kowa ya ga Maiduguri bayan madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, da kwalarar da ta biyo baya. Hukumar NIHSA mai lura da koguna da ambaliya tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya duk shekara. A ɗora jerin a kan taswirar asibitoci, nan take za a ga waɗanda ruwa zai yanke, a kai musu gishirin ORS da ruwan ƙari da sinadarin tsarkake ruwa tun hanya tana biyuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zafi kuwa ko gurbi ba shi da shi a fom ɗin da nake shigarwa. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, wani babban asibiti a Bamako kuma ya ƙirga mamata 102 cikin kwana huɗu. Mu ma a nan tsofaffi suna faɗuwa a bazara, masu ciki suna galabaita, mu rubuta hawan jini ko "sauran cututtuka". In ba a jera zafin kowace rana da yawan masu zuwa asibiti ba, har abada ba za mu san nawa rana take kashe mana ba.

Yanzu bari in faɗi inda nake da ja, don kada a ce na zo tallar kwamfuta. Tauraron ɗan'adam gajimare yake gani, ba digon ruwa ba. Sau nawa ake tafka ruwa a wannan gari, na gaba da shi kilomita uku ko yayyafi babu? Ƙiyasin yana gyaruwa ne da awon ƙasa, awon ƙasar kuwa ya yi ƙaranci tun da irin su Malam suka ƙare. Sannan a kwarinmu ana noman shinkafa na rani, ga kachalla ta toshe hanyoyin ruwa ya kwanta shekara zagaye. Akwai mazaɓu biyu da layin ja ba ya sauka ƙasa ko a Maris, alhali shuɗin yana kwance a sifiri. Wanda ke zaune a Oslo ko Abuja zai ce kuskuren lissafi ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Babbar matsalar ma a ɓangarenmu take, kuma ni da ke cikin aikin ya kamata in faɗa. Rijista ba ta ƙirga marasa lafiya, tana ƙirga waɗanda suka zo ne. Watan da aka kawo magani kyauta lamba tana hawa, watan da kayan gwaji suka ƙare tana faɗuwa, ba don cutar ta ragu ba. Garin da ambaliya ta yanke yakan aiko da sifiri ko ya ƙi aikowa sam, daidai lokacin da cuta ta fi yawa a cikinsa. Mutane da yawa a kemis suke ƙarewa, kemis kuwa ba ya kawo mini fom. Akwai kuma abin da muke kira cike gurbi: an matsa wa ma'aikaci lallai fom ya cika kafin ranar da aka yanka, sai ya duba na watan jiya ya ɗan ƙara ya ɗan rage. Na sha kama irin wannan, asibiti ya kawo lamba ɗaya wata uku a jere. Idan aka zuba irin wannan a injin hasashe, ƙarya zai dafa ya ba mu da zafinta. Amma na lura da wani abu. Ranar da na buga layukan nan biyu a takarda na kai taron wata-wata, shugabannin asibitoci suka yi ca a kai, kowa na neman nasa. Ɗaya daga cikin masu cike gurbin ya ga layinsa a miƙe sambal kamar sandar makiyayi alhali na kowa yana hawa da sauka, aka yi ta masa dariya. Tun daga ranar fom ɗinsa ya gyaru. Mutum yana kula da lissafin da ya san zai dawo masa.

Hasashe kuma ba ya warkar da kowa in ba a ɗaure shi da aiki ba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya daga zazzaɓi wata-wata a lokacin damina, wanda masu rabawa ke bi gida-gida da shi, kuma na ga amfaninsa da idona. A 2022 ta sassauta ƙa'idar, ta bar wa ƙasashe su tsara yawan zagayen daidai da yanayinsu. To ga ƙofa a buɗe. Shekarar da ruwa ya zarce, me zai hana a ƙara zagaye ɗaya a inda layin shuɗi ya nuna? Me zai hana a lissafa kayan gwajin Satumba da ruwan Yuli da Agusta maimakon cinikin Yuni? Sai an rubuta a takarda tun yanzu: idan alama ta kai kaza, wane ne zai saki kaya, daga wane sito, cikin kwana nawa. In ba haka ba, za mu samu allo mai launi ja yana walƙiya a ofis, ba mai ikon taɓa ko kwali ɗaya.

Ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu da na tarayya, da NiMet da NIHSA da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, su zauna su amince bayanansu su riƙa shiga wa juna kai tsaye, ba sai an rubuta wasiƙa an jira sa hannu ba. A bar na'urar da ke riƙe bayanan a hannun ƙasa, a kuma kiyaye sirrin marasa lafiya yadda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanada. Wannan aiki jimilla yake buƙata, ba sunan kowa ba. Masu kula da shi kuma ba sai an ɗauko su daga waje ba. Irin 'yata suna nan da yawa sun gama jami'o'in Kano da Dutse da Zariya da Sakkwato suna zaune a gida, mako biyu na horo ya ishe su. Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta. Matasa 27 da albashinsu ba su kai kuɗin taron bita guda a otal ba.

Ku ma 'yan jarida akwai naku. Hasashen nan da Turanci yake fitowa, a cikin littafi mai kauri. Da za ku ware ɗan gurbi duk mako ku faɗa da Hausa cewa yankin kaza an yi ruwa kaza, a sa ran zazzaɓi nan da makonni kaza, a gyara gidan sauro, gidajen rediyo za su ɗauka, limamai da masu unguwanni za su maimaita.

Ni dai bana ban jira kowa ba. Na yanke robobin ruwa guda huɗu masu miƙaƙƙen jiki, na manna wa kowace rula, na raba wa shugabannin asibitoci huɗu. Duk safiyar da aka kwana da ruwa su auna su turo mini ta WhatsApp, ni kuma in rubuta a littafi, na sayo mai baƙin bango da gangan. Na san awon bai kai na masana ba. Uku suna turowa ba fashi. Na huɗun ya kira ni shekaranjiya ya ce, "Yallaɓai, akuya ta sake ture robar." Na ce ya ɗaure robar a kan turken shingen asibiti, nesa da inuwar bishiya, in ya zo da fom ƙarshen wata zan ba shi waya da ƙusa.

Wassalam.

Naka,
Jami'in tattara alƙaluman lafiya,
daga kwarin Haɗeja, jihar Jigawa.